Taswirar Halliru Tela

A layin teloli na Kasuwar Umdurman, duk wanda ya kai ɗinki wurin Halliru ya san abu biyu zai koma da su gida: jallabiyar da hannu ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo, da labarin da ya ɗara su duka. Halliru ne ya taɓa auna faɗin kogin Nilu da ido kawai, in ji shi, injiniyoyi suka zo da na'urarsu suka saɓa da shi da ɗan yatsa, daga baya aka gano na'urar ce ta lalace. Halliru ne ya gyara wa wani limami Larabci a gaban jama'a har limamin ya yi kukan godiya. Sunan limamin dai kullum canzawa yake yi. Maƙwabtansa sun daɗe da daina musu da shi, domin musu da Halliru kamar watsa wa kaza hatsi ne don ta tafi. Shi ya naɗa wa kansa laƙabin Ustaz, kuma in ka kira shi Halliru tela kawai, sai ya yi kamar ƙarar keken ɗinki ta hana shi ji.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Hausawan unguwar Umbadda suka taru a rumfar ƙungiyarsu saboda wata baƙuwa. Sunanta Dakta Hanadi, tana cikin masu zana taswira a Khartum. Ta yi musu bayani da Larabci cewa ana sabunta taswirar gaɓar Nilu Shuɗi, inda kakanninsu suka yada zango tun zamanin tafiya Makka a ƙasa. Ƙananan ƙauyukan da suka baro, wasu don ruwa ya cinye gonaki, wasu don fari, wasu don tashin hankali, yawancinsu babu su a tsohuwar taswira. Waɗanda ke ciki ma an rubuta su yadda mai garin da kansa ba zai gane ba.

Ta ce, "Ƙauyen da babu sunansa a taswira, ranar da jikokinku za su koma neman gonar kakansu, ce musu za a yi ba a taɓa yin sa ba. Ina son sunayen daga bakinku, da rubutun Larabci da na boko, domin akwai sautukan Hausa da haruffanmu ba sa kamawa. Ƙarshen wata za mu rufe aikin. In kun yarda, zan bi gida-gida da wayata in ɗauki muryoyin dattawa."

Baba Almahdi, shugaban ƙungiya, tsoho mai nauyin kunne, aka maimaita masa maganar a kunnensa na dama, ya share ido da bakin rawani.

Sai ga Halliru tsaye, yana gyara wuyan riga.

"Dakta, mayar da wayarki jaka. Waya batirinta na mutuwa, kaina bai taɓa mutuwa ba. Ƙauyukan nan na san su kamar yadda na san ramin allura. Ba sunaye kaɗai zan kawo miki ba, taswirar ce sukutum, ki ɗauka ki kai wa manyanku su kwafa."

Daga ɓangaren mata aka ji muryar matarsa Mero, wadda ke kiransa Abu Safa. "Abu Safa, zauna. Jiya na aike ka albasa ka dawo da lemun tsami."

"Ilimi daban, cefane daban," in ji Halliru, bai ko waiwaya ba.

Dakta Hanadi ta tambaye shi ko ya iya rubutun Hausa na boko. Ya yi wata dariya wadda ta nuna tambayar ma ta ba shi tausayi. Da yake babu wanda ya miƙe sai shi, kuma rana ta yi zafi, aka shafa fatiha aka ɗora masa aikin.

Gaskiyar magana, abin da Halliru ya sani na boko shi ne haruffan Turawan da ya tsinta a makarantar da bai gama ba. Allah ya taimake shi washegari Muhyiddeen ya zo karɓar wando. Ɗalibi ne daga Damagaram, yana karatu a wata jami'ar Musulunci a Khartum, saurayi mai ladabi da sanyin murya. Halliru ya ce masa ya zauna yana son ya gwada shi, ya ga ko yaran yanzu sun iya rubutu.

Muhyiddeen ya ɗauki alli ya zana a kan teburin yanka. "Ga ba, ga ɓa. Ga da, ga ɗa. Ga ka, ga ƙa. Ka ga wannan 'yar ƙugiya a kansu? Ita ce ke..."

"Halas, shi ke nan, na gane. Rawani ne."

"Wane rawani, Ustaz?"

"Harafi mai rawani da harafi mara rawani. Babba da yaro."

"A'a, Ustaz, ai sauti ne yake..."

"Ya zol, kai wannan mutum, ni da na tsufa ina yi wa manya ɗinki za ka koya wa wanda ya cancanci rawani? Ka ci jarrabawa. Ga wandonka."

Muhyiddeen ya karɓi wando, ya ɗaga shi sama ya ga ƙafar hagu ta fi ta dama, ya yi godiya ya tafi.

Halliru ya rufe shago ya fita tara sunaye. Takarda ya ce ta malalata ce, iska na iya ɗauke ta. Ya ɗauki jan allin tela, duk sunan da aka ba shi sai ya rubuta a jikin jallabiyar da ke wuyansa, domin, in ji shi, ba a taɓa jin iska ta ɗauke mutum da rigarsa ba.

Da gidan Baba Almahdi ya fara. Ya tarar da tsoho a kan gadon igiya, an ajiye masa jabana, wato gahawa a tulun yumɓu, tana ta ƙamshin citta.

"Baba, sunan garinku!" Halliru ya kwarara murya.

"Hillat Barau, wato ƙauyen Barau. Kakana Barau ne ya sare dajin da hannunsa."

Halliru ya rubuta a ƙirji. "Wanda ke gabas da ku fa?"

Baba ya kurɓi gahawa, ya yatsine fuska, ya juya wajen ƙofar ɗaki. "Ƙaro sukari!"

"Ƙaro Sukari," in ji Halliru, yana rubutawa a hannun riga. "Tsohon gari. Na taɓa kwana a can. Na kudu fa?"

"Me ka ce?"

"Mekace! Garin masunta. Baba, ƙwaƙwalwarka tana nan daram."

Washegari ya hau motar haya ya ƙetare gadoji zuwa unguwar Hajj Yusuf, wurin Hajiya Safiyatu, wadda ta riƙe matan ƙauyen Bakin Fada tun da suka yi hijira. Ta gaya masa an sa wa ƙauyen sunan ne don a ƙofar fadar wani tsohon sarkin zango aka kafa shi. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo kisra, wato siririyar wainar dawa mai laushi, da miyar kuɓewa busasshiya, ta zauna tana yi masa fifita.

"Ɗana, in za ka zana mu, ka ɗan matso da mu kusa da ruwa. Mun sha wahalar tulu a can, kada mu sha ta a takarda."

Halliru ya suɗe yatsu. "Hajiya, an gama. Ƙafarku a ruwa za ta kwana."

Kafin la'asar labari ya gama unguwa cewa duk wanda ya ciyar da Ustaz, ƙauyensa zai koma bakin kogi. Wannan ya ja shi ga tuwon asida, wancan ya ja shi ga waken ful da man riɗi, wata tsohuwa ta rantse ba zai fita ba sai ya shanye ƙwaryar kunu. Halliru bai ƙi ko ɗaya ba, domin a ganinsa ƙin abinci raina tarihi ne. Kowane gida ya fita sai ya bar alkawarin bakin kogi, har ƙauyukan da tun da aka kafa su ba su taɓa jin kukan kwaɗo ba.

A hanyar komawa, mota ta tsaya cak a tsakiyar gada saboda cunkoso. Nan kisra da asida da ful da kunu suka buɗe taron ƙoli a cikin Halliru. Gumi ya karyo masa. Ya riƙe kujerar gaba da hannu biyu yana karanta duk addu'ar da ya sani.

Mutumin da ke kusa da shi ya dubi rigarsa mai jan rubutu tun daga wuya har gwiwa, ya matsa. "Ya haj, lafiya? Laya ce?"

"Aikin hukuma ne," in ji Halliru ta tsakanin haƙora. "Kada ka girgiza ni."

Yadda ya isa Umbadda, shi da Mahaliccinsa suka sani. Ya tuɓe riga ya rataye a ƙusa, ya kwanta yana nishi. Da ya fito da hantsi, sai ya ga jallabiyarsa a kan igiya, fara fat, tana ɗigar ruwa.

"Mero! Me kika yi?"

"Wanki."

"Kin wanke Nilu Shuɗi! Kin wanke tarihin kakanni!"

"Na wanke miyar kuɓewa da man riɗi. In tarihin kakanni a cikin miya yake zaune, to ya tafi."

"Sunayen ƙauyuka ne a jiki!"

"Ai ka ce kanka bai taɓa mutuwa ba. Tashe shi."

Komawa gidajen nan ya sake tambaya yana nufin abu biyu: a san ya yi ɓari, kuma a sake ciyar da shi. Duka biyun ba zai iya ba. Ya zauna a gindin bango ya tattaro abin da ya tuna, abin da bai tuna ba ya cike da abin da ya dace. Can ya ɗago kai.

"Ƙauyenku ma me sunansa?"

"Shekara nawa muna tare ba ka riƙe ba? Gidan Baƙi. Don ba a taɓa mayar da baƙo da yunwa a garinmu ba."

"Gidan Baƙi," in ji Halliru a ransa. "To, ba rawani. Wanda ya wanke wa malami riga bai ga rawani ba."

Saura abin da za a zana a kai. Takarda dai ya riga ya zage ta a bainar jama'a. Ya duba shago kaf, babu ƙyallen da ya kai girman tunaninsa, sai guda ɗaya a can ƙasan akwati, a naɗe cikin leda. Farin yadi ne da Baba Almahdi ya sayo a Makka, ya tsoma shi a ruwan Zamzam, ya ba Halliru ajiya ya ce ranar da ta Allah ta kasance a yanka masa likkafani. A kusurwa ɗaya tsohon ya ƙulla koren zare da hannunsa don kada a musanya.

Halliru ya riƙe yadin yana dubawa. Sai ya tuna yadda Baba ya kwarara "ƙaro sukari" har kaji suka watse.

"Mai wannan murya ba yanzu ba," ya ce, ya ware yadi.

Ya duƙufa. Maƙwabta suna leƙowa, yana korarsu da almakashi. Sunaye ya ɗinka su da baƙin zare, Larabci a sama, boko a ƙasa. Ƙauyen manya ya ɗora wa harafinsa rawani, ƙauyen talakawa ya bar shi da kai a buɗe. Hillat Barau garin shugaba ne, ya yi masa ƙugiya ƙatuwa har da ado. Bakin Fada sun ba shi kisra, su ma ya naɗa su. Tudun Ƙashi, ƙauyen Salih mai sayar da ruwa a karo, wato amalanken jaki, wanda aka sa wa suna don ƙashin giwar da aka haƙo a tudun, bai ba shi ko shayi ba, don haka ya tuɓe shi. Ƙauyuka suka yi layi a bakin kogi kamar shanu a mashaya, sauran yadin ya zama fili fetal. Da ya zo kan kogin kansa, shuɗin zare ya ƙare. Ya aika aka sayo bular wanki, ya dama ta da kauri, ya ja Nilu da burushi tun daga wannan kusurwa har waccan. Ƙullin koren zaren nan ya faɗo a tsakiyar ruwa, ya zagaye shi ya ce tsibiri ne.

Ranar taron miƙa aiki, ya naɗe taswira a jikin gora ya tare raksha, keken haya mai ƙafa uku. Gorar ta fito ta dama, ta fito ta hagu, ta kwashe hular wani mai keke. Direba ya sauke shi ya ce ko mahaifinsa ne ba zai ɗauka ba. Ana cikin haka sai ga Salih da jakinsa, ganga cike da ruwa a kan karo.

"Salih, Allah ya kawo ka. Yau jakinka zai shiga tarihi."

"In dai ba zai shiga rami ba, hau."

Haka Halliru ya iso rumfar ƙungiya, a zaune a kan ganga, gora a kafaɗa, yana ɗaga wa mutane hannu. An cika maƙil. Mutanen Hajj Yusuf sun zo mota guda, an aro lasifika daga masallaci, Dakta Hanadi na zaune a gaba kusa da Baba Almahdi. Aka ɗaure taswira tsakanin ginshiƙai biyu. Da ta buɗe, mata suka rangaɗa guɗa, domin gaskiya daga nesa ta yi kyau.

Dakta Hanadi ta matso, ta karkata kai. "Ustaz, duka a bakin kogi suke?"

"Mutanenmu masu tsafta ne, Dakta."

"Ina arewa?"

"Inda kike so. Yadi ne, juyawa yake yi."

Ta ce to a karanta mata bokon da ƙarfi, ta ji sautin. Halliru ya ce malami ba ya karanta aikinsa da bakinsa, ya hango Muhyiddeen a cikin jama'a ya yafuto shi. "Ɗalibina ne, ni na gwada shi."

Muhyiddeen ya karɓi lasifika, ya bi rubutun da ido, fuskarsa ta canza. Ya rufe bakin lasifikar da hannu. "Ustaz, in karanta yadda aka rubuta, ko yadda ya kamata?"

"Yadda aka rubuta shi ne yadda ya kamata. Karanta!"

Muhyiddeen ya kai lasifika baki. "Bakin Faɗa."

Hajiya Safiyatu ta ajiye mafici. "Bakin me?"

"Faɗa, Hajiya. Haka aka rubuta."

"Mu ne masu faɗa? Mu? Wallahi yau sai ka ga faɗa! Kisrata ka ci, Halliru!"

"Ci gaba, ci gaba," in ji Halliru, yana kaɗa hannu.

"Gidan Baki."

Mero ta miƙe a hankali tana ɗaure mayafi a ƙugu. "Abu Safa, garin ubana ne gidan baki? Mu ne magulmata?"

"Mero, zan yi miki bayani a gida."

"Wane gida? Na baki?"

Dariya ta ɓarke a bayan rumfa. Muhyiddeen ya so ya ajiye lasifika, jama'a suka ce sam, a ci gaba.

"Ƙaro Sukari. Mekace."

Dattawa suka dubi juna. Wani ya ce shi dai an haife shi a yankin, ya yi furfura a yankin, bai taɓa jin su ba. Halliru ya ce tsofaffin garuruwa ne ƙwarai, sun girmi furfurarsa.

"Tudun..." Muhyiddeen ya tsaya. "Ustaz, wannan ba zan iya faɗa a lasifikar masallaci ba."

"Faɗi!" in ji jama'a.

Muhyiddeen ya runtse ido. "Tudun Kashi."

Wuri ya kaure. Masu dariya na riƙe ciki, mutanen Tudun Ƙashi na neman takalma. Salih ya saki linzamin jaki ya kutso cikin rumfa yana naɗe hannun riga. "Ni na ɗauko ka kyauta, ka ɗora kakannina a kan juji?"

Duk wannan Baba Almahdi bai ji ba. Yana ta murmushi yana gyaɗa kai, ya ce a karanta nasa. Muhyiddeen ya roƙi Halliru da ido. Halliru, wanda har yanzu yake ganin ƙatuwar ƙugiyar nan za ta wanke shi, ya ƙwace lasifika ya kai bakin saurayin. "Wannan na fi yi wa ado. Karanta, Baba ya ji!"

"Hillat Ɓarau."

Wannan karon kunnen Baba ya buɗe tas. Ya dogara sanda ya miƙe, ya tako har gaban taswira, ya kai fuska kusa don ya ga harafin da ya mayar da kakansa ɓarawo. Sai idonsa ya sauka a kan tsibiri. Ya taɓa ƙullin koren zare. Ya shafa yadin. Ya shinshina.

"Halliru."

"Na'am, Baba."

"Wannan ba likkafanina ba ne?"

"Baba, aro na yi. Ai na ga da sauran ƙarfinka."

"Da Nilu a ƙirjina za a binne ni? Mala'iku su zo tambaya su tarar an rubuta mini ɓarawo a ciki?"

Sandar ta tashi sama. Halliru bai jira saukarta ba. Ya fizge taswira daga ginshiƙai, ya yafa ta a ka, ya ratsa tsakanin Salih da Hajiya Safiyatu, ƙafa me na ci ban ba ki ba. A waje ya ga karo babu mai shi. Ya daka tsalle ya haye ganga, ya yi wa jaki tsawa da Larabci, ya yi masa da Hausa. Jaki ya waiwayo ya ga wani farin abu mai fuka-fuki a bayansa yana ihu, ya ce shi ma ba da shi ba. Ya zabura.

Karo ya miƙa layi yana tsalle a kan ramuka, jama'a na biye, yara na ihu, Halliru na jan linzami ta inda ba a ja. A ƙarshen layin akwai kwana mai kaifi, wajen mai gyaran taya. Jaki ya sha kwana. Karo bai sha ba. Ganga ta kife, murfi ya yi nasa wuri, ruwa ya kwararo a kan Halliru da taswirarsa.

Bula ta ji ruwa ta saki. Nilu Shuɗi ya yi ambaliyar da bai taɓa yi ba, ya cinye Bakin Fada, ya cinye Mekace, ya haye tsibiri, ya gangaro kan Ustaz. Da aka ɗaga yadin, sai ga mutum zaune a cikin taɓo, shuɗi tun daga gemu har tafin ƙafa, idanu kaɗai ke fari.

Hajiya Safiyatu ta iso tana haki, ta dube shi, ta ce, "Ka ce ƙafarmu a ruwa za ta kwana. Ga taka ta riga mu."

Aka kwashe da dariya har Baba Almahdi sai da ya zauna a kan tsohuwar taya yana share hawaye. Amma fushi bai gama sauka ba. Nan a tsaye a bakin kwana, kowa ya juya kan Dakta Hanadi yana rantsuwa kada ta kuskura ta kai wancan suna. Hajiya Safiyatu ta faɗi Bakin Fada har sau ba adadi, ta kawo sunan sarkin zangon da bishiyar da ke ƙofar fadarsa. Salih ya kwatanta girman ƙashin giwa da hannu biyu, ya faɗi rafin da ke yamma da tudun. Wani ya gyara masa, wata ta gyara wa mai gyaran. Sunayen da Halliru bai taɓa ji ba suka yi ta fitowa, da rijiyoyinsu da maƙabartunsu da wanda ya fara kafa bukka. Dakta ta ɗaga wayarta sama tana ɗauka, Muhyiddeen na gefenta yana rubuta kowane suna da ƙugiyarsa inda Allah ya ajiye ta. Har rana ta yi sanyi ba su gama ba.

Halliru ya matse gemu, ya matso yana ɗigar shuɗi. "Dakta, kin ga dabarar? Mutanen nan in ba ka tsokane su ba, ba sa magana."

Mero ta kama shi ta hannun riga. "Taho, gidan baki na kira."

Hukuncin da dattawa suka yanke bai yi tsauri ba. Zai nemo wa Baba sabon yadi ta hannun mahajjatan bana, zai gyara wa Salih karo, kuma ba zai ƙara miƙewa a rumfar ƙungiya ba sai in kunama ce ta harbe shi. Bular kuwa ta kama gemu ta ƙi fita, har aka yi sallar Juma'a da shi a sahun baya ya rufe fuska da rawani.

Ba a daɗe ba, masu raksha da yaran mota suka sami sunan da za su riƙa kiran kwanar nan ta wajen mai gyaran taya, wadda a da ba ta da suna. Wata safiya Halliru na cikin motar zuwa kasuwa, kusa da wani baƙo, sai yaron mota ya leƙa ta taga ya kwarara murya:

"Faɗuwar Halliru! Akwai mai sauka a Faɗuwar Halliru?"

Fasinjoji suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Halliru ya gyara zama, ya shafa gemu, ya taɓa gwiwar baƙon.

"Ka ji ko? Ni ne. Wasu sai sun mutu ake sa wa wuri sunansu."